Jucilene Ta Ƙi Zana Jan Allo

Ranar da Otávio ya kawo maganar jan allo, ruwa aka wuni ana yi a birnin Recife tun jiya, har kogin Capibaribe ya cika ya kusa taɓo cikin gadoji. Jucilene ta iso ofis rigar ruwanta na ɗiga, ta rataye hular kwanonta a bayan ƙofa, ta tarar kowa ya hallara a ɗakin taro, ita ake jira.

Ita ce mai zana fuskar manhajar kamfanin. Duk abin da ɗan babur zai gani a allon wayarsa in aike ya shigo, launi ne, rubutu ne, wurin dannawa ne, daga hannunta yake fitowa. In ta gama sai zanen ya wuce wajen Seu Aderbal, shi kuma ya rubuta abin da zai sa zanen ya yi aiki. Kamfanin ƙarami ne, hawa ɗaya a wani tsohon gini kusa da tashar jiragen ruwa, kuma aikinsa haɗa gidajen abinci da shaguna da 'yan babur masu kai saƙo. Dona Marluce ce ta kafa shi da wayar hannu ɗaya da baburan ƙannenta. Da abu ya yi albarka masu zuba jari suka shigo, su ne kuma suka turo Otávio daga São Paulo ya zama manajan aiki.

Otávio saurayi ne mai fara'a da saurin magana. Ya ɗaga wata takarda da ya yi zane a kai da jan biro.

"Matsalarmu ɗaya ce," ya ce. "'Yan babur suna jinkirin karɓar aike. Abinci ya huce, mai saye ya yi fushi, ya koma wani kamfanin. To ga abin da nake so. Aike na shigowa, allon waya ya rikiɗe ja wur, ƙararrawa ta kama, wani zobe ya fara ƙirga daƙiƙa goma. Wurin karɓa ya zama babba a tsakiya. Wurin ƙi kuwa a kai shi can lungu, ɗan ƙarami, kuma sai an danna sau biyu. Wanda ya bari lokaci ya ƙare, darajarsa ta ragu, aikensa ya yi ƙasa."

Jucilene ta ce, "In yana tafe fa?"

"Tafe ina?"

"A kan babur. Yawancin aiken suna kan titi yake shigo musu."

"Dannawa ɗaya ce fa, Juci."

"Jucilene," ta gyara masa. "Kullum da babur nake zuwa daga unguwar Casa Amarela. Na san abin da dannawa ɗaya take nufi tsakanin bas da bas. Ba zan zana wannan ba."

Otávio ya yi murmushi kamar ba da shi ake ba, ya ce za su sake magana in hankali ya kwanta. Jucilene ta dubi Seu Aderbal ko zai ce wani abu. Yana can ƙarshen tebur yana goge tabaransa da gefen riga, ko ɗago kai bai yi ba.

Ba ta yi mamaki ba. Tun da ta fara aiki a kamfanin ba su taɓa shiri ba. Seu Aderbal ya haura hamsin, ya yi rabin rayuwarsa yana rubuta wa bankuna manhaja, kuma a wajensa abu in ya yi aiki to ya gama kyau. Ta bar tazara tsakanin layuka don ido ya huta, shi ya matse su. Ta zaɓi kore mai sanyi, shi ya saka koren da ya fara zuwa hannunsa. In ta yi magana ya ce, "Uwar fenti ta tashi." Ita kuma kafinta take ce masa, wai duk abin da aka ba shi sai ya mayar da shi akwati. Ɗaki ɗaya suke zama, amma ta saƙon kwamfuta suke magana, shi yana cin dambun masararsa da ƙwai a kan tebur, ita ta toshe kunnuwa da waƙa.

Ranar Alhamis ta ɗauki wayar gwaji don ta duba wani abu daban, sai wayar ta yi kururuwa a hannunta. Allo ja wur, zobe yana ƙirgawa, wurin ƙi yana can lungu kamar ƙwayar wake. Otávio ya tsallake ta, ya kai wa Seu Aderbal takardarsa kai tsaye, shi kuma ya gina.

Wannan karon ba ta rubuta saƙo ba. Ta tashi ta je ta tsaya a kansa, ta ajiye wayar kusa da kwanon abincinsa.

"Mene ne wannan, Seu Aderbal?"

"Abin da aka ce a yi."

"Wa ya zana?"

"Ba a bukatar zane. Da'ira ɗaya ce da akwati biyu." Ya ci gaba da tauna. "'Yar nan, ni ba ni nake yanke shawara ba. A ce mini gina, in gina. In bai yi miki kyau ba ki canza launin."

"Ka gwada shi?"

"Na gwada. Yana aiki lafiya lau."

"A ina ka gwada?"

Ya nuna teburinsa da cokali.

Jucilene ta juya ta buɗe kabad ɗinta, ta ɗauko hular kwano ta biyu, wadda take ajiyewa saboda ƙanwarta, ta ɗora a kan kwamfutarsa.

"Tashi mu je mu gwada a inda za a yi amfani da shi."

"Ni ba na hawa babur."

"Su suna hawa. Ko tsoro kake ji, kafinta?"

Sauran ma'aikatan sun daina aiki suna kallo. Seu Aderbal ya dubi hular, ya dube ta, ya rufe kwanonsa a hankali. Da ba a gaban mutane ta faɗa ba, da bai tashi ba.

A ƙasa ta ɗaure wayar gwajin a kan baburinta, daidai inda 'yan aike suke ɗaure tasu. Ta nuna wayarsa ta ce, "Daga taka za ka riƙa turo aiken ƙarya. Duk lokacin da ka ga dama ka turo, kada ka faɗa mini. Na farko zan karɓa, na biyu zan ƙi."

Ya hau da ƙyar, babur ya lotsa. Hannu ɗaya ya damƙe ƙarfen baya, ɗaya yana riƙe da waya. Suka haye gada suka nufi babban titin Agamenon. Ruwa ya ɗauke amma titi a jiƙe yake, ramuka duk sun cika. A wani wuri da ba cunkoso ya turo na farko. Wayar ta yi ƙara, Jucilene ta kai babban yatsa ta danna tsakiya, shi ke nan.

"Kin gani?" ya ce ta bayan kunnenta. "Ina wahalar take?"

"Turo na biyu."

Bai turo nan da nan ba. Ya jira sai da suka shiga inda motoci suka yi layi, babura na ratsawa ta tsakaninsu, bas a dama, motar kaya a hagu. Wataƙila so yake ya nuna mata ko a nan ma ba komai. Wayar ta kama kururuwa. Jucilene ta sauke ido tana neman ƙwayar waken nan. Ɗigon ruwa ya rufe lungun allon. Ta saki hannun hagu ta danna, bai shiga ba, ta sake dannawa. Tana ɗago kai ta ga wata ƙaramar mota ta kutso hanci daga gaban bas ɗin. Ta taka birki, tayar baya ta zame a ruwa, babur ya karkata, gwiwar Seu Aderbal ta gogi jikin bas. Ta sa ƙafa a ƙasa ta tare. Direban bas ya danna hon ya leƙo ya zage su, su da iyayensu. Wayar kuwa ba ta fasa ihu ba.

"Bar shi," in ji Seu Aderbal. "Bar shi ya ƙare. Fita da mu daga nan."

Ta gangara gefe ta tsaya kusa da wani mai matse rake. Seu Aderbal ya sauka ya zauna a bakin kwalbati, ita kuma ta kwance masa igiyar hular. Wandonsa ya yage a gwiwa, fatar ta ɗan kurje. Ba haka Jucilene ta shirya ba. So ta yi ta ba shi tsoro kaɗan, ba ta yi zaton za su kai ga jikin bas ba, kuma ta san da ya faɗi, ita ce ta ɗauko shi. Ta sayo ruwan rake kofi biyu ta zauna gefensa.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Ban kyauta ba da na shiga da kai nan."

Ya shanye rabin kofin kafin ya yi magana.

"Ke kin san zai yi ƙara, kina jira. Duk da haka."

"Duk da haka."

"Su kuma wuni suke yi a haka." Ya dubi yagar wandonsa. "Matata ce ta saya mini wandon nan. Yau na shiga uku a gida." Sannan ya ce, "Wayar ta san in ana tafiya, kin sani? Tana jin gudu, tana jin tsayawa. Ba wani abu ne mai wuya ba."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Kin taɓa tambayata?"

A bas ya koma ofis. Ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai sake hawa bayanta ba.

Washegari da safe ma'aikata suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Seu Aderbal ya turo kujerarsa tun daga lungunsa har teburin Jucilene, kwamfuta a cinya, kwanon dambu a hammata. Ba sulhu suka yi ba, faɗan ne kawai ya dawo baki da baki. Ita ta ce in babur na tafiya allon ya mutu gaba ɗaya. Shi ya ce to da me mutum zai ga hanya, da addu'a? Suka tsaya a kan taswira ta zauna, kome kuma ya ɓace. In aike ya shigo mutum yana tafe, ba ja, ba ƙararrawa, sai murya ta ce sau ɗaya, "Akwai aike yana jiranka in ka tsaya." Ita ta so a riƙe masa aiken har sai ya tsaya, ko yaushe ne. Shi ya ce abinci ba ya jiran kowa, kuma in suka kai wa Otávio wannan zai yi musu dariya ya kore su da gaskiyarsa. Sai ya sake lissafin rabon aike: a fara ba waɗanda suke tsaye a kusa, wanda ke tafe kuma a riƙe masa na ɗan lokacin da zai isa danja ko ya gangara gefe, in bai tsaya ba aiken ya wuce ga wani ba tare da an rage masa daraja ba.

Ta zana wurin karɓa da wurin ƙi girmansu ɗaya, manya, yadda yatsa mai safar hannu ba zai kuskure ba. Ta ƙara wani motsi mai laushi, allon ya riƙa buɗewa a hankali kamar labule.

"Cire labulen nan," ya ce.

"Shi ne kyan abin."

"A wayarki. Ɗauko waccan." Ya miƙo mata wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, irin wadda yawancin 'yan aike ke riƙewa. Labulen ya tsaya a rabi yana kakkarwa, bayan wayar ya ɗau zafi. Sai ta cire.

Da ya gina nasa ɓangaren, ta ga ya sake matse rubutun kamar yadda ya saba. Ba ta yi gardama ba. Ta jira rana ta take tsaka, ta ja shi har rufin ginin, ta miƙa masa wayar a nisan hannu ta ce ya karanta mata sunan unguwar da ke jiki. Ya ƙanƙance ido, ya cire tabarau, ya mayar, ya kare da tafin hannu.

"To, uwar fenti," ya ce. "Nawa kike so tazarar ta zama?"

Suka sa wa abin suna "Jira in tsaya". Ranar Talata suka kai shi gaban Dona Marluce da Otávio.

Otávio ya saurara har ƙarshe, har ya yaba. Sannan ya ce abin yana da kyau amma ba zai rage jinkiri yadda jan allo zai rage ba, kuma masu jari sauri suke tambayarsa, ba kyau ba. Ya ce 'yan babur manya ne, ba wanda ya ce su danna suna tafe.

"Ba ka ce ba," in ji Jucilene. "Ka dai ce wanda bai danna ba a rage masa abinci."

"Kina sa mini magana a baki."

"Takardarka na karanta, yallaɓai."

Seu Aderbal ya gyara murya. "Ni na gina jan allon nan, kuma na cire hannuna daga kansa. In ya lalace a nemi mai gyara."

"An riga an gina," Otávio ya ce, har yanzu da murmushinsa. "Kayan kamfani ne, ba naka ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk sun sani. Dona Marluce ta daɗe tana juya zoben hannunta. Mace ce da ta san sunayen tsofaffin 'yan aikenta ɗaya bayan ɗaya, amma yanzu rabin kamfanin ba nata ba ne. Daga ƙarshe ta yanke: jan allo zai fita a matsayin abin da kowa zai tarar, "Jira in tsaya" kuma a saka shi a cikin saiti, wanda ya so ya kunna. Otávio ya yarda, da sharaɗin shi zai zaɓi inda za a ajiye shi. Ya zaɓi can ƙasan saiti, bayan bayanin sirri da sharuɗɗan aiki, inda ba mai zuwa. Kuma ba za a yi sanarwa ba.

A matakala Seu Aderbal ya ce, "Sun binne shi."

"Sun binne shi da rai," ta ce. "Asabar ina za ka?"

"Gida. Me ya faru?"

"Ba komai. Ni Derby za ni."

Jan allo ya fita ranar Juma'a. Asabar da hantsi Jucilene ta ajiye baburinta a dandalin Derby, inda 'yan aike ke taruwa a ƙarƙashin itatuwa suna jiran aiken rana, akwatunansu jere a ƙasa. Tana isa ta ji kururuwar nan tana tashi daga wayoyi nan da can, kowa na tsaki. Ta ce musu daga kamfanin take. Nan take aka yi mata caa.

Wata mace mai faɗin kafaɗa, ana ce mata Gilvânia, ta taso tana nuna mata waya. "Ke ce kika yi wannan jarabar? Jiya saura kaɗan in shige ƙarƙashin tirela a titin Caxangá. Ku kuna can cikin sanyi kuna shan kofi."

"Ba ni na yi ba. Na ƙi yi, aka yi ban da ni. Ba ni wayarki in nuna miki wani abu."

"In ba ki wayata? Ke wa?"

"To riƙe da kanki. Shiga saiti. Gangara. Ƙara gangarawa."

"Sai na kai lahira?"

"Kin kusa. Ga shi nan."

Gilvânia ta kunna, ta hau babur ta zaga dandalin don ta gani da idonta. Tana cikin zagayen aike ya shigo mata, murya ta yi magana sau ɗaya ta yi shiru. Ta tsaya a gabansu, allon ya buɗe, ta karɓa. Ta dubi Jucilene sama da ƙasa.

"Me ya sa kuka ɓoye shi?"

"Wannan ki tambayi na sama da ni."

Mutane suka fara matsowa da wayoyinsu. Ana cikin haka sai ga Seu Aderbal ya sauko daga bas, da lema a hannu ko da yake ba hadari. Ya ce wucewa yake yi. Bai wuce ba. Ya zauna a benci, aka yi ta kawo masa wayoyin da abin ya ƙi kunnuwa a kansu, yana dubawa yana yi wa masu su faɗa a kan tarkacen da suka cika waya da shi.

Ba kowa ya yarda ba. Wani dattijo mai suna Nivaldo ya saurari bayanin duka, ya mayar da wayarsa aljihu.

"'Yata, na gode. Amma in na tsaya jira, wani ya riga ni. Yara na gida."

"Ba za a rage maka daraja ba, Seu Nivaldo."

"Haka kika ce. Gobe su canza, ke kina ina?"

Jucilene ba ta ƙirƙiro masa alkawari ba. Ta ce masa abin yana nan duk ranar da ya so. Gilvânia kuwa ta sa Jucilene ta maimaita bayanin tun daga farko tana ɗaukarta a bidiyo, ta tura zauren 'yan aike na waya. Jucilene ta ga ana ɗauka, ta san inda bidiyon zai ƙare, ta gyara tsayuwa ta faɗi sunanta cikakke.

Ta koma Asabar ta gaba, ta je unguwar Encruzilhada, ta je ta Boa Viagem. Kafin wata ya ƙare, fiye da rabin 'yan aiken kamfanin sun kunna "Jira in tsaya". Saurin karɓar aike bai kai yadda Otávio ya yi wa masu jari alkawari ba. Bai faɗi ƙasa ba, amma bai kai ba.

Wata Litinin aka kira ta ofishin Dona Marluce. Otávio na zaune, bidiyon a buɗe a gabansa, murmushin nan babu shi.

"Wa ya ba ki izinin wannan?"

"Izinin me? Ranar hutuna ce, man baburina ne. Na nuna wa ma'aikatan kamfani abin da ke cikin manhajar kamfani."

"An ce ba sanarwa."

"An ce kamfani ba zai yi ba. Bai yi ba."

Otávio ya ce ya so a cire abin gaba ɗaya, amma Seu Aderbal ya ce masa a saƙe yake da rabon aike, cire shi sai an kwance rabin ginin, kuma shi ba zai kwance ba. Ban da haka, 'yan aike sun aiko cewa ranar da aka taɓa shi za su jingine babura. Saboda haka ga abin da ya rage: Jucilene ta zana wani saƙo da zai riƙa fitowa kullum da safe, yana gaya wa duk wanda ya kunna abin cewa yana asarar aike, da babban wurin dannawa na kashewa. In ta yi, a manta da maganar bidiyo.

"Yana asarar aiken?" ta tambaya.

"Zai iya yi."

"Seu Aderbal ya duba. Ba ya yi. Ba zan zana ƙarya ba."

"To ba na jin akwai sauran aikin da za mu yi tare."

Jucilene ta juya wajen Dona Marluce. "Haka ne, Dona Marluce?"

Matar ba ta ɗago ba. "Jucilene, masu jari sun ce ko ke ko jarin. Abin naku zai zauna, wannan na tsaya a kai. Saƙon safen ma ba za a yi ba. Amma ke ban iya tsare ki ba. In kin so, sai mu ce ke kika ajiye aiki, don gaba."

"A'a. Kora ce, ku kira ta kora. In an tambaye ni zan faɗi dalili."

Kayanta ba su da yawa. Ta zuba su a kwali, ta yi sallama da mutane ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi gaggawa ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Sai da ta fara sauka matakala ta tuna hayar gida da mahaifiyarta, ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da sauka. Seu Aderbal ya biyo ta da tukunyar furenta a rungume.

A bakin titi ya ce, "Ni ma gobe zan ajiye."

"Kada ka soma."

"Ba ke za ki gaya mini ba."

"Ni zan gaya maka. Kana fita za su kawo wani ya kwance shi cikin mako guda. Zauna ka tsare. In ka gaji ka kira ni ka zage ni, ka huce."

Ya yi tsaki, ya sa tukunyar a cikin kwalin, ya taya ta ɗaurewa da roba a bayan babur. Ɗaurin nasa bai yi mata ba, ta kwance ta sake.

"Akwai wata matsala," ta ce. "Gilvânia ta kira ni jiya. In cunkoso ya yi yawa suna tafiya kamar ana tura su, wayar sai ta ɗauka sun tsaya, allon ya buɗe musu a tsakiyar motoci."

"Na sani. Gudun ya yi ƙasa da abin da na sa."

"To ka rage."

"In na rage, wanda ke tsaye a danja wayarsa na ɗan girgiza ba zai taɓa ganin aike ba." Ya cire tabarau ya murza ido. "Sai dai in ya tsaya, kada allon ya buɗe da kansa. A ba shi wani abu ya taɓa tukuna."

"Ƙarin dannawa ke nan."

"Ƙarin dannawa a tsaye."

Ta yi tunani. Ta zaro biro daga aljihun rigarta, ta yage murfin kwalin, ta dafa shi a kan kujerar babur ta fara zane: taswira a sama, wata faffaɗar tsiri a ƙasa daga gefe zuwa gefe, yadda ko da gefen hannu aka buga za ta amsa.

"Ta yi girma," ya ce.

"Da safar hannu za a taɓa."

"Za ta rufe sunan titi."

"To ɗaga taswirar sama."

Suka tsaya a nan bakin titi suna ja, mai gadin ginin yana kallonsu, har ta cika murfin kwalin gaba da baya. Seu Aderbal ya karɓa, ya duba da kyau, ya naɗe ya sa a aljihun gaba.

"Laraba zan gama," ya ce. "Sai dai ba ni da mai gwadawa a titi."

"Turo mini. Babur ɗina ba na kamfani ba ne."

Ta sa hular kwano, ta tayar da babur, ta duba madubi ta shiga titi ta nufi gada.